Turancin bakin inji: me ya sa kamfanonin Japan ke koya wa matasansu Turanci alhali baƙo sai ya iya Japananci

Tun lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan garin Kisarazu a watan Agustan 2025 mutane suka ƙara sa ido kan maganar aiki a Japan. Ga wanda bai bi labarin ba, a taron TICAD, na Japan da ƙasashen Afirka, karo na 9 da aka yi a Yokohama ne hukumar JICA, mai kula da tallafin da Japan ke bai wa ƙasashen waje, ta haɗa wasu garuruwan Japan huɗu da ƙasashen Afirka huɗu don zumunci, Kisarazu da Najeriya, Sanjo da Ghana, Nagai da Tanzaniya, Imabari da Mozambik, sai sanarwa ta fito daga Abuja cewa wai za a ware wata biza ta musamman, Japan ta ce sam babu wannan maganar, aka gyara sanarwar, mutanen can kuma suka tayar da ƙura suka yi ta kiran ofisoshin garuruwan a waya suna faɗa, kafin Satumba ya ƙare JICA ta janye shirin gaba ɗaya. To amma har yanzu za ka ji wasu na cewa ai kamfanonin Japan sun koma Turanci, har ma'aikatan masana'anta ana ɗauko musu malamai suna koya musu, don haka wanda ya iya Turanci ƙofa a buɗe take.

Rabin maganar gaskiya ne. Kamfanoni da yawa na kashe kuɗi wajen koya wa matasan ma'aikatansu Turanci, har da masu aiki a bakin inji. Sai dai a daidai wannan lokacin ne kuma majalisar ƙasar ta yi wata sabuwar doka a watan Yunin 2024, wadda za ta fara aiki a Afrilun 2027, kuma abin da take nema a wurin baƙon da zai zo aikin masana'anta Japananci ne. Daga nesa kamar abubuwan biyu suna karo da juna, amma kowanne da matsalar da aka yi shi don ita.

Su wa ake koya wa

Matashin da ake magana a kansa yawanci ɗan shekara 18 ne zuwa 25. Wani ya fito daga sakandaren koyon sana'a, wadda suke kira kogyo koko, wani daga kosen, wato kwalejin fasaha ta shekara 5 da ake shiga tun ana shekara 15, tsarin da aka kafa a 1962. Manyan kamfanoni irin su Toyota da Denso ma suna da makarantunsu na kansu a jihar Aichi inda suke rainon yara su yaye su kai tsaye zuwa layin aiki. A Japan shekarar aiki a Afrilu take farawa, sababbin ɗauka duk rana ɗaya suke shiga, a yi musu bikin maraba, daga nan a tura su kenshu, ma'ana horon da kamfani ke bai wa ma'aikacinsa. A ƙarƙashin wannan kalmar ta kenshu ajin Turanci yake zama.

Wata kalmar da ya kamata a riƙe ita ce genba, wurin da ainihin aikin yake, bakin layi kenan inda ake walda da fenti da ɗaure noti. Mutanen genba daban suke da injiniyoyin ofis masu digiri, albashinsu daban, matakan ƙarin girmansu daban. Kuma rayuwar genba da Japananci aka gina ta tun daga safe, a yi motsa jiki da kiɗan rediyo, a tsaya a layi foman ya yi jawabin safe, a gaisa da "go-anzen ni", wato a yi aiki lafiya, kafin mutum ya taɓa maɓalli ya nuna shi da yatsa ya ce "yoshi" da ƙarfi don tabbatar da ya duba. Babu inda Turanci ya shigo cikin wannan.

Ba kuma wai yaran ba su taɓa karanta Turanci ba ne. Kowannensu ya yi aƙalla shekara 6 yana karanta shi a ƙaramar sakandare da babba, kuma daga 2020 ya zama cikakken darasi a aji 5 da 6 na firamare, ana ɗan fara taɓa shi tun aji 3. Tun 1987 gwamnati ke kawo 'yan ƙasashen waje su taimaka a aji ta shirin JET. Duk da haka a jadawalin iya Turanci na kamfanin EF na 2024 Japan ta zo ta 92 cikin ƙasashe 116, ko da yake wannan jadawalin waɗanda suka ga dama suka yi gwajin a intanet kawai yake ƙirgawa, don haka ba a ɗaukarsa kamar ƙidayar ƙasa. Karatun makaranta ya fi karkata ga nahawu da fassara don cin jarrabawar shiga jami'a, yaron sakandaren sana'a kuwa da ma ba jami'a ya nufa ba, awowinsa sun fi tafiya a shagon koyon aiki.

Inda abin ya samo asali

A 1985 manyan ƙasashe biyar suka zauna a otal ɗin Plaza a New York suka amince a karya darajar dala. Kafin zaman dala ɗaya tana wajen yen 240, cikin shekara biyu da 'yan watanni ta sauko zuwa ɗari da ashirin da wani abu. Motar da aka ƙera a Japan aka kai Amurka ta yi tsada kenan, ga kuma rigimar kasuwanci da ake yi da Amurka da Turai kan yawan motocin Japan da ke shiga, sai kamfanoni suka ƙara ƙaimi wajen kai masana'antunsu waje. Honda ta riga ta fara mota a Marysville ta jihar Ohio a 1982, Nissan a Smyrna a 1983 sannan Sunderland ta Ingila a 1986, Toyota a Kentucky a 1988, Suzuki kuma ta shiga Indiya da Maruti. Tailan ta zama babbar cibiya. Yau motocin da kamfanonin Japan ke ƙerawa a waje sun kusa ninka na cikin gida sau biyu. Ko a nan kusa da mu akwai masana'antar Honda a Ota ta jihar Ogun, da wurin haɗa Hilux na Toyota Tsusho da aka buɗe a Tema ta Ghana a 2021.

Anan ne ma'aikacin genba ya shigo cikin lissafi. Tsarin da suke bi shi ne kowace masana'antar waje tana da "uwa" a Japan, masana'antar da aka fara gwada layin a cikinta. In za a fara sabuwar mota a Tailan ko Indiya ba manaja ne zai je ya nuna yadda ake riƙe bindigar fenti ba, wanda ya shekara 10 yana yi ne za a tura na wata biyu ko uku, su ma na can ana kawo su uwar masana'anta su koya. Shi bai iya Tailanci ba, su ba su iya Japananci ba, tafinta kuma ba ya isa kowa kuma sau da yawa tafintan bai san aikin ba, sai ya zama Turanci ne gadar, Turancin da ba na ɗayansu ba ne.

Kwanan nan kuma buƙatar ta zo har gida. Kamfanin TSMC na Taiwan ya buɗe masana'antar 'yan ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta a Kikuyo ta jihar Kumamoto a Fabrairun 2024, da ɗaruruwan ma'aikata daga Taiwan suna aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan ƙasa. Kamfanin Rapidus na Japan da aka kafa a 2022 ya fara gina tasa a 2023 a Chitose ta Hokkaido da fasahar IBM, ya tura injiniyoyinsa Albany ta jihar New York su koyo. Injinan da ake wannan aikin da su wasu daga ASML na Holan suke, wasu daga Amurka, littafin injin da saƙon da yake nunawa in ya tsaya da injiniyan da zai zo gyara duk Turanci ne.

Turancin ofis da Turancin layi

Mafi yawan abin da duniya ta ji kan "kamfanonin Japan sun koma Turanci" labarin ofis ne. A 2010 Hiroshi Mikitani na Rakuten ya ce daga yanzu taro da takardu duk da Turanci, ya ba da wa'adi, aka fara aiwatarwa sosai a Yulin 2012, wanda bai kai makin da aka yanka masa ba yana iya fuskantar rage matsayi. Fast Retailing mai shagunan Uniqlo ya bi sahu a 2012, Shiseido a hedikwatarsa a 2018. Shugaban Honda na lokacin, Takanobu Ito, ya ce a 2010 wauta ce kamfani ya riƙa Turanci a cikin Japan inda ma'aikatan Japanawa ne, amma a 2015 Hondar ta sanar cewa zuwa 2020 Turanci zai zama harshen hulɗa tsakanin rassanta na yankunan duniya. A lura da iyakar da ta sa, tsakanin yanki da yanki, ba a cikin masana'antarta ta Suzuka da ke Japan ba. Rakuten kamfanin intanet ne, Uniqlo kuwa ba shi da masana'antun kansa, kwangilar ɗinki yake bayarwa, don haka babu ɗayansu da ya taɓa fuskantar tambayar ko mai walda zai yi jawabin safe da Turanci.

Sandar awon da kusan kowa ke amfani da ita sunanta TOEIC. Hukumar ETS ta Amurka ce ta tsara ta bisa buƙatar Japanawa, aka fara yin ta a 1979. Wadda aka fi sani tambaya 200 ce cikin awa 2, rabi sauraro rabi karatu, duk zaɓi-ka-cike, maki daga 10 zuwa 990. Ba a buɗe baki a cikinta, ba a rubuta jimla ko ɗaya, ta magana da rubutu daban take kuma masu yin ta ba su kai ko kusa ba. Kamfanoni na son ta saboda lamba take bayarwa, lamba kuma tana shiga fom, ana iya cewa ƙarin girma sai da 600, tura mutum waje sai da 730. A Rakuten matsakaicin makin ma'aikata ya tashi daga 526 a 2010 ya haura 800 a 2015. SoftBank ya taɓa sa ladan yen miliyan 1 ga wanda ya ci 900. Matsalar ita ce tambayoyin duniyar ofis suke kwatantawa, wasiƙar kasuwanci, canjin lokacin jirgi, taron manajoji, ajiye ɗaki a otal. Wanda ya ci 700 yana iya kasa cewa "tsaya, kar ka sa hannu, ban kashe wuta ba" cikin daƙiƙa biyu, wanda bai kai 400 ba kuma yana iya koya wa mutum goma aiki da kalma hamsin da nuni da hannu.

Yadda ajin yake daga ciki

Ajin da aka saba gani ƙarami ne, mutum 6 zuwa 10, sau ɗaya a mako, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, a ɗakin taron masana'anta, suna sanye da kayan aiki. Malamin yawanci ba ma'aikacin kamfanin ba ne, wani kamfanin horarwa ne ya turo shi. A wuraren da ake karɓa-karɓa, wannan makon aikin safe mako mai zuwa na dare, rabin ajin na iya ɓacewa duk bayan mako, wanda ya zo kuma ya yi awa 8 a tsaye. Abu na farko da sabon malami ke cin karo da shi shiru ne. Ya yi tambaya kowa ya sunkuyar da kai, ba lallai don ba su sani ba, akwai tsarin senpai da kohai, babba da ƙarami a wurin aiki, ƙarami ba ya son ya riga wanda ya girme shi amsawa balle ya nuna ya fi shi, babban kuma ba ya son ya yi kuskure a gaban yaransa. Shi ya sa malaman da suka daɗe suke raba su biyu-biyu, ko su roƙi kada foman ya zauna a aji ɗaya da yaransa.

Sai kuma tarkon kalmomin aro. Japananci cike yake da kalmomin Turanci da aka lanƙwasa, kamar yadda bakanike a garejin Kano zai ce sifana da filaya da sukundireba da birki, su ma harshensu ba ya son baƙi biyu a jere ko kalma ta ƙare da baƙi sai sun cusa wasali. Wannan yana taimakawa wani lokacin, wani lokacin kuma shi ne yake kayar da mutum, don ma'anar ta riga ta kauce. Sitiyarin mota handoru suke ce masa, Ba'amurke zai ɗauka mariƙin ƙofa ake nufi. Soket ɗin bango konsento ne, a kunnen Bature kuma kamar ana maganar amincewa. Kuremu a wurinsu ƙorafin mai saye ne kan kaya mara kyau, kalmar da aka aro ta daga ciki kuwa ikirari ko neman diyya take nufi. Sukundireba mai baki huɗu "mai tarawa" ce, mai baki ɗaya "mai ɗebewa", saboda kamar alamomin lissafi. Noruma, adadin da aka yanka wa mutum ya yi a rana, daga Rashanci ma take, amma tunda da haruffan katakana ake rubuta duk kalmar aro yaron bai da yadda zai san wacce ce Turanci wacce ce ba shi ba.

Lissafi ma wani abu ne. Su da dubu goma-goma suke ƙirga, man ɗaya dubu 10 ne, dubu 100 "man goma" ce, miliyan "man ɗari", to kafin mutum ya juya wannan a kansa ana kan waya ana maganar adadin kayan da za a aika sifili ɗaya ya ɓata ko ya ƙaru. A takardar duba kaya da'ira na nufin ya yi, gicciye bai yi ba, alwatika da dama-dama, alamar maki ta ✓ kuwa a makarantunsu sau da yawa kan amsar da ba daidai ba ake yin ta. Wanda ya fi haɗari shi ne amsa tambaya mai korewa. In aka ce "ba ka kashe injin ba?" Bajapane zai ce hai, ma'ana eh, ban kashe ba, daidai yadda Bahaushe zai amsa. In ya ɗauki wannan eh ɗin ya kai Turanci, mai tambayar zai fahimci an kashe, ya sa hannu. Malamin da ya san genba a irin waɗannan yake ɓata lokacinsa, ya sa a kawo ainihin takardar matakan aiki da ke manne a jikin inji da akwatin kayan aiki, kowa ya tashi ya koya wa na kusa da shi aikin da yake yi kullum, da gajerun jimloli na umarni.

Akwai wani ɗan sauƙi da suke samu ta ɗaya ɓangaren. Kalmomi irin su kaizen, kanban, andon, poka-yoke da shi kansa genba sun riga sun shiga bakin masu masana'antu a duniya, wanda ke aiki a reshen Kentucky ko Tailan ya san andon ita ce fitilar da ake kunnawa a nemi taimako ko a tsayar da layi. Abin da ake yi a aikace cakuɗe ne, Turanci kaɗan, Japanancin sana'a kaɗan, zane a allo, nuni da hannu.

Masu goyon baya da masu ja

Hujjar kamfanoni a fili take. Kasuwar gida tana raguwa, yawan jama'a ya kai ƙololuwa wajen miliyan 128 a 2008 ya fara sauka, haihuwar Japanawa a 2024 ta faɗo ƙasa da dubu 700 karo na farko. Riba daga waje take zuwa, kuma ba a san wane ne cikin yaran da aka ɗauka bana za a buƙaci turawa Indiya nan da shekara 8 ba, gara a fara da su tun suna da sauƙin koyo. Wasu kuma na ganin ajin a matsayin abin jan hankali, tunda matasa sun yi ƙaranci kowane kamfani na neman abin da zai nuna wa ɗalibi da malaminsa cewa aikin ba tsayuwa a layi har ritaya ba ne kawai.

Masu ja kuma kala-kala ne. Makoto Naruke, tsohon shugaban Microsoft na Japan, ya yi fice da cewa kashi 9 cikin 10 na Japanawa ba sa buƙatar Turanci. Masanin zamantakewa Takunori Terasawa ya bi bayanan ƙididdiga ya nuna masu amfani da Turanci a kai a kai a wurin aiki 'yan tsiraru ne, ba kamar yadda ake kururutawa ba. Farfesa Yukio Tsuda ya daɗe yana kallon abin ta fuskar danniya, cewa fifita Turanci yana raba ma'aikata gida biyu ya ɗora wanda ya iya baki a kan wanda ya iya aiki. A genba wannan ƙorafin yana da nauyi, don mutuncin wurin a hannu yake, wanda yake jin kuskuren da bai kai kaurin gashi ba da yatsarsa, in aka tsallake shi aka ɗaga wani saboda maki, abin ba ya yi wa mutane daɗi.

Akwai kuma masu cewa na'urar fassara ta riga ta raba gardama, ga Pocketalk da ake ratayawa a wuya, ga manhajar VoiceTra ta wata cibiyar binciken gwamnati, ga DeepL da ire-irensa. A fassara littafin inji ko saƙon imel sun rage wahala ƙwarai, wannan ba a musu. Masu koyarwa kuma suna cewa a wurin da ƙarar inji ke cika kunne, mutum da safar hannu da tabarau, wani wurin ma ba a yarda a shiga da waya ba saboda sirrin kamfani, gargaɗin gaggawa ba ya jiran na'ura. Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiyar, kuma inda da yawa suka tsaya shi ne a bar takardu ga na'ura, a taƙaita ajin kan magana ta fuska da fuska.

Lokacin wa ake ci

Ga ma'aikacin kansa babbar tambayar ba ta falsafa ba ce, ita ce ajin nan aiki ne ko ba aiki ba. Ƙa'idar da ma'aikatar ƙwadago ta fitar a 2017 ta ce horon da aka wajabta, ko karatun da aka yi bisa umarnin mai kamfani, lokacin aiki ne, a biya shi. In na ganin dama ne ba a ƙirga shi. Daga 2019 kuma doka ta sa wa obataim iyaka, a ƙa'ida awa 45 a wata, 360 a shekara. Kaga kenan in kamfani ya wajabta ajin bayan an tashi, zai biya kuma zai ci daga cikin awowin da yake so ya yi amfani da su a layi, in ya sa shi cikin lokacin aiki sai ya nemo wanda zai tsaya a gurbin mutum takwas. Mafita mai arha ita ce a ce na ganin dama ne, kamfani ya biya malami ko kuɗin manhaja, ma'aikaci ya kawo lokacinsa. Inda rigima take shi ne in an ce ganin dama amma ƙarin girma ya rataya a kan makin, ko foman yana rubuta sunan wanda bai zo ba, a nan ganin daman ya zama na baki kawai, kuma ƙa'idar tana duba yadda abin yake a zahiri ne ba sunan da aka sa masa ba.

Gwamnati na ɗan sa hannu, a 2022 Firaminista Fumio Kishida ya yi alƙawarin yen tiriliyan 1 cikin shekara 5 don sake horar da ma'aikata, akwai kuma tsarin inshorar aiki da ke maida wa mutum kashi 20 na kuɗin wasu kwasa-kwasan da aka amince da su, har zuwa yen dubu 100. Sai dai duk wannan labarin ya fi shafar manyan kamfanoni. Sama da kashi 99 cikin 100 na kamfanonin Japan ƙanana ne da matsakaita, kuma su ke riƙe da wajen kashi 70 na ma'aikata. Shagon mutum 20 a Higashi-Osaka ko unguwar Ota ta Tokyo da ke yi wa babban kamfani wani ƙaramin ƙarfe ba shi da wanda zai cire daga kan inji ya tura aji.

Su ma malaman ba cikin jin daɗi suke ba. Da yawa awa-awa ake biyansu, kwantiragin wata uku ko shida, ga doguwar tafiya zuwa unguwannin masana'antu. Rushewar makarantun NOVA a 2007 ta bar dubban malamai baƙi ba albashi, kuma tun daga wajen lokacin darasin intanet ya fara cin kasuwar, RareJob da DMM da makamantansu suna haɗa ɗalibi da malami, da yawansu 'yan Filifin, darasin minti 25 a kuɗi kaɗan, a kowane lokaci, abin da ya dace da mai aikin dare fiye da ajin ranar Laraba.

To ina baƙo ya tsaya

A watan Oktoban 2024 baƙin ma'aikata a Japan sun kai miliyan 2.3, kusan kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Biyetnam ne, sai Sin, sai Filifin, kuma masana'antu ne suka fi ɗaukar su. Ga 'yan Indonesiya da Nepal da Myanmar suna ƙaruwa, ga jikokin Japanawa daga Burazil da aka buɗe wa ƙofa a 1990 waɗanda suka cika garuruwa irin su Hamamatsu da Oizumi da harshen Fotugal. Yawancin waɗannan Turanci ba harshensu ba ne, in foman ya koyi Turanci ma ba zai amfane shi da ɗan Biyetnam ba. Shi ya sa abin da ake koya wa Japanawan genba don zama da baƙi shi ne yasashii nihongo, sassauƙan Japananci, gajerun jimloli ba kwana-kwana, dabarar da ta samo asali bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995 lokacin da aka ga baƙi ba su gane sanarwar gaggawa ba.

Tsohon tsarin 'yan koyon aiki na 1993 ya sha suka daga ciki da waje, saboda mutum ba ya iya canza wurin aiki ko ana cutarsa, ga bashin ejan da yake zuwa da shi a wuya. Sabon da zai maye gurbinsa a 2027 na shekara 3 ne, ya yarda a canza kamfani a fanni ɗaya bayan shekara 1 zuwa 2 in an cika sharuɗɗa, kuma an ɗaure shi da harshe a kowane mataki, matakin farko na Japananci daidai da N5, mafi ƙanƙanta a jarrabawar iya Japananci ta JLPT, ko kwas ɗin da ya yi daidai da shi kafin a fara aiki, sannan daidai da N4, matakin da ke bin sa, kafin a haye zuwa bizar ƙwararru da aka ƙirƙiro a 2019. Ana kuma ɗauko mutane ne ta hukumomin da aka tantance a ƙasashen da suka yi yarjejeniya da Japan, waɗanda galibinsu na Asiya ne.

Ga matashin Kano ko Maraɗi ko Kumasi da ya iya Turanci, inda Turancin zai yi masa aiki kai tsaye wurare ne kaɗan, aikin injiniya ko na kwamfuta a kamfanin da ya riga ya koma Turanci, karatun jami'a a kwas ɗin da ake koyarwa da shi, ko kuma ita koyarwar kanta, wadda bizarta a mafi yawan lokuta digiri take nema, kuma makarantu da yawa har yanzu sun fi karkata ga masu fasfon Amurka, Birtaniya, Kanada ko Ostareliya duk da doka ba ta ce sai su ba. Aikin bakin inji kuwa ta ƙofar Japananci ake shigarsa. JLPT sau biyu ake yin ta a shekara, Yuli da Disamba, wasu ƙasashen ma sau ɗaya, kuma ko N5 ɗin da ke can ƙasa sai mutum ya haddace haruffan hiragana 46, katakana 46, da kanji wajen 100.